Awon Barci: Yadda Likitoci Ke Gane Cututtukan da Ke Ɓuya Cikin Dare

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman na Zakka da sauran garuruwan ƙasar Safana da Batsari, a yammacin Jihar Katsina. Ya ƙunshi bayanin wani aiki na likitoci da a ke kira awon barci, da irin cututtukan da a ke ganewa da shi, da kuma abin da ya kamata shugabanni su yi tun mai ciwo bai kai ga asibiti ba.

1. Dalilin Darasin

Ko wane hakimi ya san irin mutumin da ba a zama da shi minti 10 sai ya soma gyangyaɗi. A kan gan shi a zaure ana tsakiyar magana, ko a kasuwa a gaban kayansa, ko a kan babur yana tafe. Abin da a kan ce da shi, malalaci ne, ko ya cika ci, ko an yi masa asiri. In ma'aikaci ne a yi ta yi masa faɗa, watakila har ya rasa aikinsa. In direba ne kuwa, to, ransa da na fasinjojinsa na cikin haɗari a kan hanyar Dutsin-Ma ko ta Katsina.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mutane ciwo gare su, ciwon kuwa da dare ya ke aikinsa, sa'ad da mai shi bai san inda kansa ya ke ba. An ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma a sha'anin barci mai ɗakin ba ya nan. In ya je wurin likita da rana, sai a same shi sarai, ba zazzaɓi, ba rauni. Saboda haka likitoci suka nemi hanyar da za a rubuta abin da ke faruwa ga jikin mutum tun daga kwanciyarsa har tashinsa. Wannan shi ne awon barci. Ba shi da bambanci da aikin malamin hakimi, wanda ke zaune yana shigar da abin da ya gudana cikin littafi domin a duba daga baya, sai dai shi wannan malami inji ne, ba ya gajiya, ba ya runtsawa.

2. Ciwon Barci na Da

In an ambaci ciwon barci, tsofaffi sukan tuna da wanda ƙudan tsando ke kawowa. Wannan ciwo ya yi ɓarna mai yawa a Arewa wajen shekarun 1930, musamman a lardin Zariya. A lokacin, ma'aikatan lafiya kan bi ƙauyuka, hakimai da dagatai su tara musu jama'a, a shafa wuyan kowa a nemi kaluluwa, in an samu a tsaga a duba ruwanta da madubin likita. A 1937 aka soma babban aikin Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke zama, aka gina rijiyoyi, aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. A 1947 kuma aka kafa ma'aikatar binciken wannan ciwo ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda ta zama ta Nijeriya ita kaɗai a 1964. Aikin ya ci nasara ƙwarai, har a 2018 waɗanda aka samu da ciwon a duniya duka ba su kai 1,000 ba.

Akwai abin lura a nan. Shekaru da yawa ana zaton mai wannan ciwo barci ya ke yi fiye da kima. Wani likita Bafaranshe, Alain Buguet, wanda ya yi aiki a Yamai, shi da abokan aikinsa suka ɗaura wa masu ciwon injin awo dare da rana, tun daga 1989, suka ci gaba da yi a Kwaddibuwa da Kwango. Sai suka tarar jimlar barcinsu ba ta fi ta masu lafiya da wani abin kirki ba. Abin da ya lalace shi ne tsarinsa: barcin ya kakkarye gutsi-gutsi, yana zuwa da rana, yana gudu da dare. Ido ya daɗe yana ganin abu guda, awo ya zo ya nuna wani.

A yau, wanda ke yawan barci da rana a Zakka da wuya a ce tsando ne ya cije shi. Amma in ya yi zama a kurmi, ya komo da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, jininsa za a gwada. Sauran cututtukan da za a ambata a gaba ba ƙwayar cuta ke kawo su ba, ba a kuwa ganinsu cikin jini.

3. Asalin Awon

Ƙwaƙwalwar mutum tana aiki da wani ɗan lantarki mai rauni ƙwarai. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan mutum ya zana shi a takarda a 1924, ya bayyana wa duniya a 1929. Daga nan aka gane zanen mai barci dabam ya ke da na wanda ke farke.

A 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura akwai lokatai cikin dare da idanun mai barci ke kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatarsu, in kuwa an tashe shi a lokacin, galibi sai ya ce mafarki ya ke yi. A 1965 likitoci a Faransa da Jamus suka nuna da awo cewa akwai masu ƙiba waɗanda numfashinsu ke tsayawa sau da yawa cikin barci. A 1968 aka fitar da ƙa'ida guda ta karanta zanen, domin likitan ko wace ƙasa ya karanta shi daidai da ɗan'uwansa. A 1970 William Dement ya buɗe ɗakin duba masu cututtukan barci a Jami'ar Stanford.

Abin da aka tabbatar shi ne barci hawa-hawa ne. Akwai hawa na fari, watau tsakanin ido biyu da barci. Akwai na biyu, wanda ya kan ci wajen rabin dare. Akwai na uku, barci mai nauyi, wanda jiki ke hutawa a cikinsa, ya fi kuwa yawa a farkon dare. Sa'an nan akwai barcin mafarki, wanda ya kan ci kashi 20 zuwa 25 cikin 100, ya fi yawa wajen asuba. A cikinsa ƙwaƙwalwa kan saki gaɓoɓi su mutu murus, domin kada mutum ya aikata abin da ya ke mafarki. Mai lafiya kan zagaya waɗannan hawa cikin wajen minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9.

4. Yadda A Ke Yin Awon

Likitoci na kiran cikakken awon polisomnogirafi. Mai ciwo ya kan zo asibiti da almuru, a ba shi ɗaki shi kaɗai. Ma'aikaci ya manna masa waɗansu 'yan ƙarafa masu kamar maɓalli, ko wane da siririyar waya zuwa inji. Ga abin da ko wane ke rubutawa:

Na fatar kai suna ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwa, su nuna ko barci ya ke, da hawan da ya ke ciki. Na gefen idanu suna nuna motsinsu. Na haɓa yana nuna ko tsoka ta saki. Na ƙirji yana ƙidaya bugun zuciya. Na ƙwauri suna nuna shure-shure. Akwai ɗan bututu a bakin hanci mai jin shiga da fitar iska, da ɗamara biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, masu nuna ƙoƙarin numfashi. A yatsa kuma a kan maƙala wani ɗan abu mai jan haske, wanda ke auna oksijin, watau sashen iska da jini ke ɗauka ya rarraba wa jiki. Ban da waɗannan akwai na'urar ɗaukar murya da ta ɗaukar hoto.

Ana son a samu rubutun awa 6 ko fiye. Da safe a cire kome, mutum ya koma gida. Sa'an nan gwani ya zauna ya bi rubutun, yana yanka shi sakan 30-30, yana sa wa ko wane yanki alama.

Wajibi ne a kawar wa jama'a tsoro a kan abu uku. Ba a huda jiki, ba a ɗibar jini. Wayoyin ba su sa wa mutum lantarki, nasa su ke saurare. Injin kuma ba ya karanta mafarki, ba ya tona asirin zuciya. Iyakarsa ya ce ana mafarki, bai san na mene ne ba. Wanda ya so fita kewaye sai ya kira ma'aikaci a kwance shi.

Ranar awo kada a ci goro ko a sha shayi ko kofi bayan azahar, kada a yi ƙailula, a wanke kai kada a shafa mai. A kuma zo da dukan magungunan da a ke sha a nuna wa likita. Akwai wani ƙaramin inji da a kan ba mutum ya kwana da shi a gida, amma shi numfashi da oksijin kaɗai ya ke aunawa.

5. Cututtukan da Awon Ke Nunawa

Ɗaukewar numfashi cikin barci. Wannan shi ya fi yawa cikin abin da awo ke kamawa. In mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa kan saki. Ga waɗansu, hanyar iska ta kan ƙuntata har ta toshe. Sai a ji minshari mai ƙarfi, sa'an nan shiru, sa'an nan ya shaƙo iska da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe. A takarda sai a ga iska ta tsaya a hanci, alhali ƙirji na ta fama, oksijin na sauka daga inda ya saba, watau 95 zuwa 100 cikin 100, ƙwaƙwalwa kuma ta farka na 'yan sakan ba da sanin mai ita ba. A kan ƙidaya duk tsayawa ko raguwar da ta kai sakan 10. In ta auku sau 5 zuwa 14 a awa, ciwon ƙarami ne. 15 zuwa 29 matsakaici. 30 ko fiye mai tsanani. Wanda aka tasa sau 30 a ko wace awa, ya kwana awa 7, an tashe shi sau 210 ke nan, da safe kuwa zai rantse bai motsa ba.

Ya fi kama maza, da masu ƙiba, da waɗanda suka wuce shekara 50, da masu kaurin wuya fiye da santimita 40. In an bar shi ya kan jawo hawan jini wanda ba ya jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota. Maganinsa rage ƙiba, da kwanciya a kan gefe maimakon rigingine, da barin taba da kayan maye. Ga mai tsanani akwai injin hura iska, wanda Colin Sullivan na Sidni ta Ostareliya ya bayyana a 1981. A kan sa marufinsa a hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Ƙwayoyin sa barci ƙara wannan ciwo su ke yi, domin suna ƙara sakin maƙogwaro.

Yara ma na yinsa, galibi saboda kumburin ƙululun da ke can cikin maƙogwaro da bayan hanci, ya kuma fi yawa ga masu amosanin jini. Irin yaron nan ya kan kwana baki buɗe, ya yi fitsarin kwance, ya kasa natsuwa a makaranta. Cire beli wurin wanzami ba ya warkar da shi, ga kuma haɗarin zubar jini. Likita shi zai duba ya ce ko a yi aiki.

Barcin farat ɗaya, wanda likitoci ke kira nakolefsi. Ya kan soma ne da ƙuruciya ko samartaka. Barci ya kan faɗo wa mutum da rana ba zato, waɗansu kuma in sun yi dariya ko mamaki sai gwiwoyinsu su sake su zube, alhali suna ji suna gani. Sau da yawa a kan ɗauke shi farfaɗiya ko iska. Domin gane shi, bayan awon dare a kan ƙara na rana: a kwantar da mutum sau 5, tsakanin ko wace kwanciya awa 2, a ba shi minti 20. In matsakaicin lokacin da barci ke ɗaukarsa bai wuce minti 8 ba, ya kuma faɗa barcin mafarki cikin minti 15 har sau 2 ko fiye, to, shaida ta ƙarfafa. Ba ya warkewa, amma akwai magungunan da ke sa mai shi ya yi karatu da sana'a.

Shure-shuren ƙafa. Waɗansu ƙafafunsu kan zabura a kai a kai cikin barci, su hana shi nauyi. In ya wuce sau 15 a awa ga baligi, a kan lissafa shi. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini na cikin abin da ke kawo shi, shi ya sa ya kan taso wa mata masu ciki.

Firgita da tafiya cikin barci. Yaro ya kan ƙwalla ihu a farkon dare, ido buɗe, bai san kowa ba, da safe bai tuna kome ba. Awo ya nuna daga barci mai nauyi abin ke tasowa, yawanci kuma girma na raba yaro da shi. Amma akwai farfaɗiyar da ba ta tashi sai da dare, wadda ta yi kama da wannan, maganinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Zanen ƙwaƙwalwa tare da hoto su ke taimaka wa likita ya raba su. Akwai kuma dattawan da gaɓoɓinsu ba su saki cikin mafarki, har su kai naushi ga wanda ke kusa. An bayyana wannan a 1986, ya kan kuwa zama farkon alamar ciwon karkarwa, saboda haka ba abin dariya ba ne.

Dannau. Mutum ya farka ya kasa motsi, ya ji kamar an danne masa ƙirji. Bayaninsa shi ne ƙwaƙwalwa ta farka, sakin gaɓoɓin nan na barcin mafarki bai gama wucewa ba. Ya kan tafi da kansa cikin ɗan lokaci, ba ya kisa. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine su ke ƙara shi. Ba ya bukatar awo, sai in yana tare da yawan barcin rana.

6. Rashin Barci

Ba ko wace damuwa ce ke bukatar inji ba. Mutanen Batsari da Safana, maƙwabtan Dajin Rugu, sun sha wahalar hare-haren dare a 2019 da 2020 da shekarun da suka biyo baya. Wanda ya daɗe yana kwana kunne a tsaye, ko bayan hankali ya kwanta barcinsa ya kan ƙi komowa, ya yi ta mugun mafarki, ƙaramin motsi ya zaburar da shi. Irin wannan da tambaya da saurare a ke gane shi. Magani mafi amfani shi ne zama da ma'aikacin lafiya wanda ya koyi aikin, da tsayar da lokacin tashi guda ko wace rana, da barin shimfiɗa in barci ya ƙi zuwa, da rage goro da shayi da yamma. Sayen ƙwayoyin barci a kasuwa ba da iznin likita ba ya kan zama jaraba mai wuyar bari. Wanda kuma ya kwana tsaron gari, kada a ba shi tuƙi da safe sai ya rama barcinsa.

7. Aikin Hakimi da Malaminsa

Injin awo sai a manyan asibitocin birane, yana da tsada, likita kuwa ba ya tura mutum gare shi sai da dalili. Dalilin nan a gida a ke tara shi, a nan ne alƙalamin malami ke da amfani. A ja layi a takarda, a yi gida 14, ko wace rana da nata. A rubuta lokacin kwanciya, da lokacin da a ke zaton barci ya ɗauka, da yawan farkawa, da lokacin tashi, da ƙailula, da goro ko shayi ko maganin da aka sha, da wuraren da gyangyaɗi ya kama shi da rana. A bar gefe guda domin shaidar wanda ke kwana kusa da shi: yana minshari? numfashinsa na tsayawa? yana shure-shure ko ihu? In da wayar hannu, a ɗauki muryarsa ko hotonsa na 'yan mintoci, da yardarsa. Wanda bai iya rubutu ba malami ya rubuta masa, ya kuma riƙe sirrinsa kamar yadda ya ke riƙe na ofis.

Da wannan takarda zai fara zuwa ɗakin magani na garinsu, a auna hawan jininsa da nauyinsa. Daga nan a tura shi babban asibiti, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano da ke Kano, inda likitoci za su yanke ko yana bukatar awo, su faɗi inda za a yi.

Abu huɗu ya kamata hakimi ya sanar da dagatai da masu unguwa. Na fari, wanda aka shaida numfashinsa na tsayawa cikin barci a kai shi asibiti, ko da ya ce lafiyarsa lau. Na biyu, direba ko ɗan acaɓa da ke gyangyaɗi a kan hanya ya dakata da tuƙi har a duba shi. Shugabannin tasha su taimaka a kan wannan. Na uku, kada a kori ma'aikaci ko a doki ɗalibi saboda barci kafin a bincika dalilinsa. Na huɗu, yaron da ke faɗuwa ko firgita da dare a nuna wa likita tun da wuri. Hakiman da suka gabata sun tara jama'a an shafa wuyansu, har aka ci ƙarfin ciwon tsando. Abin da a ke nema yanzu bai kai wannan wahala ba: takarda ce ta kwana 14, da kalmar shugaba wadda za ta sa a ɗauki abin da muhimmanci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa likita ba ya iya gane waɗansu cututtukan barci da duban rana kaɗai?
2. Me awo ya nuna game da barcin masu ciwon tsando?
3. A kawo abu 5 da injin awo ke rubutawa.
4. Sau nawa numfashi zai tsaya a awa kafin a ce ciwon mai tsanani ne?
5. Wane ciwo ne a ke ƙara wa awon rana, yaya kuma a ke yinsa?
6. A zana takardar kwana 14, a cika ta da barcin mutum guda wanda ya yarda.